Tambayoyi da Amsoshi Kan Kai Sabis ɗin Waya Zuwa Karkara

A watan Agusta na shekarar 2001 ne wayar salula ta GSM ta fara aiki a Najeriya, a lokacin da layukan tarho masu aiki a duk faɗin ƙasar ba su kai rabin miliyan ba. A yau layukan da ke aiki sun haura miliyan 150, amma har yanzu akwai ƙauyuka da rugage masu yawa, musamman a Arewa da kudancin Jamhuriyar Nijar, waɗanda sai mutum ya hau tudu ko ya yi tattaki zuwa bakin titi kafin ya ji muryar ɗan'uwansa da ke birni. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi ji daga bakin masu unguwanni da matasan ƙungiyoyin ci gaban gari a duk lokacin da maganar ta taso.

Me ya sa garin da ke kusa da mu yake da sabis, mu kuwa ba mu da shi?

Amsar farko lissafi ce. Kamfanin waya ɗan kasuwa ne, kuma kafin ya kafa ƙarfen sabis a wani wuri sai ya ƙiyasta yawan mutanen da ƙarfen zai ɗauka, da abin da kowannensu zai riƙa kashewa a wata wajen katin waya da data, sannan ya auna wannan da abin da ƙarfen zai riƙa ci. A unguwa ɗaya ta cikin Kano, kamar Fagge ko Kurna, ƙarfe guda yana hidimar dubban mutanen da ba sa rabuwa da waya dare da rana. A karkara kuwa zai tsaya ne a tsakiyar gidaje warwatsattsu, mafi yawan masu su manoma ne waɗanda kuɗi ba ya zama a hannunsu sai da kaka, kuma sau da yawa fulashin suke yi su jira a kira su. Kuɗin kafawa ya fi na birni saboda rashin hanya da rashin wutar lantarki, abin da zai shigo kuwa bai kama ƙafar na birni ba.

Shi ya sa idan mutum ya lura zai ga sabis yana bin manyan tituna da hedikwatocin ƙananan hukumomi da garuruwan da kasuwa take ci. Ƙauyen da ya yi sa'ar zama kusa da ɗaya daga cikin waɗannan sai ya tsinci ragowa, wanda ya ɗan nausa ciki kuwa sai ya rasa. Na taɓa kwana a wani ƙauye da wuri ɗaya tak sabis yake sauka, wato gindin wata darbejiya a bayan makarantar firamare. An buga ƙusoshi a jikin bishiyar, mutane suna rataye wayoyinsu a cikin leda tun da safe su wuce gona, wani yaro kuma yana zaune a gindin, idan waya ta yi ƙara sai ya duba ta wane ce ya ruga ya kira shi. Baƙo zai yi dariya, amma ga mutanen garin tsari ne da ya zauna daram, har akwai ɗan abin da ake ba yaron ranar kasuwa.

Yaya ƙarfen sabis yake aiki, kuma ina iyakar inda yake kaiwa?

Dogon ƙarfen da ake hangowa daga nesa ba shi da wani aiki illa ɗaga eriyoyi sama. Eriyoyin su ne suke magana da wayar da ke aljihun mutum ta iska, kamar yadda gidan rediyo yake magana da akwatin rediyo, sai dai a nan maganar zuwa take yi tana dawowa. A ƙasa akwai akwatin na'urori da injin wuta da batura. Bayan haka dole ne ƙarfen ya sami hanyar miƙa kiran zuwa cibiyar kamfani, ko dai ta wayar fayiba da aka binne a ƙasa, ko ta wani faranti mai kama da ganga wanda yake fuskantar ɗan'uwansa a kan wani ƙarfen, ko kuma ta tauraron ɗan Adam. Idan wannan hanya ta yanke, waya tana iya nuna sabis a cike amma kira ya ƙi fita.

A ƙa'idar fasahar GSM ta asali, iyakar nisan da ƙarfe zai yi magana da waya kilomita 35 ne, amma a zahiri da wuya a kusanci haka. Tsawon ƙarfen da yanayin ƙasa su ne suke yanke hukunci. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta Jigawa ko arewacin Yobe sabis yana miƙewa da nisa, a tsaunin Mambila ko duwatsun Gwoza kuwa dutse ɗaya ya isa ya raba ƙauye da ƙarfen da ke kilomita biyu daga gare shi. Ganyen itatuwa ma yana rage ƙarfinsa, abin da ya sa wasu suke cewa sabis ɗinsu ya fi kyau da rani. Akwai kuma batun zango: na ƙasa-ƙasa, wato 700 da 800 da 900 na ma'aunin megahaz, ya fi tafiya nesa da ratsa bango, shi ya sa ya fi dacewa da karkara, na sama kuwa kamar 2600 da 3500 yana ɗaukar data mai yawa amma gajeren tafiya ne da shi.

Mene ne ya fi cin kuɗi a cikin aikin?

Mutane da yawa suna ɗauka kafa ƙarfen shi ne babban aiki. Kafawa sau ɗaya ake yi, ciyarwa kuwa ta kullum ce, kuma abin da ƙarfen sabis yake ci wuta ce. Na'urorin ba sa barci, saboda haka inda babu wutar gwamnati janareto ne yake ɗaukar nauyin, sau da yawa guda biyu suna karɓa-karɓa. Dole ne motar man dizal ta riƙa zuwa a kai a kai, kuma duk wanda ya san hanyoyin karkara a watan Agusta ya san abin da wannan yake nufi: gada ta karye ko rafi ya kawo, mai ya ƙare, gari ya yi tsit har sai ruwa ya janye. Bayan wuta sai tsaro, domin batura da man dizal da wayoyin jan ƙarfe kaya ne masu kasuwa, kuma ɓarawo ya fi sakewa a inda babu idon jama'a.

Yawancin turakun ma, wato ƙarafan sabis ɗin, yanzu ba mallakar kamfanonin wayar ba ne. A shekarar 2014 kamfanin MTN ya ƙulla yarjejeniyar miƙa turakunsa sama da 9,000 ga kamfanin IHS, Airtel kuma ya sayar da nasa ga American Tower, suka koma biyan haya, wani kaso na hayar kuma yana bin farashin dala da na dizal. Da darajar naira ta faɗi daga tsakiyar 2023, kuɗin haya da na kayan aiki, waɗanda kusan duk daga waje ake sayo su, suka yi tashin gwauron zabi, har MTN na Najeriya ya bayyana asara a shekarun 2023 da 2024. A watan Janairu na 2025 Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince da ƙarin farashin da bai wuce kashi 50 cikin ɗari ba. Kamfanin da yake cikin matsi kuwa aikin karkara yake fara jinginewa, tunda shi ne mafi jinkirin mayar da uwar kuɗi.

Mutum nawa ne suke zaune a inda babu sabis a Najeriya?

Asusun USPF na tallafa wa kai sadarwa inda ba ta kai ba, wanda yake ƙarƙashin kulawar NCC, ya yi nazari a shekarar 2013 ya gano gungun yankuna 207 da sabis bai kai ba ko bai wadata ba, masu mutane kimanin miliyan 37. A 2019 adadin ya sauka zuwa yankuna 114 masu mutane kimanin miliyan 31, a 2022 kuma ya koma yankuna 97 masu mutane kimanin miliyan 27. An samu ci gaba ke nan, amma saurin rage yawan yankunan ya ja baya, domin wuraren da suka fi sauƙi aka fara kamawa, waɗanda suka rage kuwa su ne masu nisa da masu dutse da masu hatsari. Ya kamata kuma a karanta irin waɗannan alkaluma da hattara, saboda taswira tana iya sanya gari a cikin masu sabis alhali sabis ɗin nasa na gindin darbejiya ne.

Alhakin wane ne, kamfanoni ko gwamnati?

Na kowa ne daga cikinsu, amma inda kasuwa ta gaza, nan ne aikin gwamnati yake farawa. Dokar Sadarwa ta shekarar 2003 ce ta tanadi kafa asusun USPF domin wannan giɓi, kuma kuɗinsa yana fitowa ne daga wani kaso na harajin shekara-shekara da kamfanonin sadarwa suke biyan NCC, wato a ƙarshe daga aljihun masu sayen kati. Yadda yake aiki shi ne ya ba da tallafi ga mai kafa ƙarfe ko mai shimfiɗa fayiba a inda lissafin riba bai fita ba. Tsarin ƙasa na faɗaɗa intanet na 2020 zuwa 2025 ya sanya burin kai intanet mai sauri ga kashi 90 cikin ɗari na jama'a, da gudun da bai gaza megabit 10 a daƙiƙa ba a karkara, a 2024 kuma gwamnatin tarayya ta sanar da shirin ƙara shimfiɗa fayiba mai tsawon kilomita 90,000.

Raunin irin wannan tallafi, a duk ƙasar da ake yinsa, shi ne ya fi karkata ga abin da za a yanke ƙyalle a ɗauki hoto. Ana samun kuɗin kafawa a kasafi, kuɗin dizal da gyara da albashin maigadi na shekaru biyar masu zuwa kuwa sai a bar wa Allah. A ganina duk kwangilar da ba ta faɗi wanda zai riƙe ƙarfen bayan an buɗe shi ba, kuma ba ta ɗaure biyan kuɗi da yawan kwanakin da ya yi yana aiki ba, rabin kwangila ce.

Mene ne kuɗin izinin haƙa hanya, kuma ina ruwan mutumin ƙauye da shi?

Kuɗi ne da gwamnatocin jihohi suke karɓa daga kamfani a kan kowace mita ta fayibar da zai binne a gefen titinsu. Manyan wayoyin ƙarƙashin teku da suke kawo intanet Najeriya, irin su MainOne da Glo-1 na shekarar 2010 da Equiano na 2022, a Legas suka sauka, kuma kafin amfaninsu ya iso Sakkwato ko Maiduguri sai an ratsa jihohi da dama da haƙa. A 2013 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa ta tsayar da naira 145 a kan kowace mita, amma jihohi da yawa suka ci gaba da karɓar dubbai. Sai a 2020 gwamnoni suka sake amincewa da wannan farashi, Ekiti ta sauko daga naira 4,500 zuwa 145, Kaduna kuma ta yafe kuɗin gaba ɗaya.

Lissafin ba shi da wuya. Kilomita 100 mita 100,000 ne, a kan naira 145 kuɗin izini ya kama naira miliyan 14 da rabi, a kan naira 4,500 kuwa naira miliyan 450, tun ba a saka diga a ƙasa ba. Jihar da ta tsawwala tana samun kuɗi sau ɗaya, ƙauyukanta kuma su jira shekaru. Wata matsalar ita ce masu kwangilar titi da suke datse fayiba da katafila ba tare da sun sanar da kowa ba, abin da yake cikin dalilan da suka sa shugaban ƙasa ya sanya hannu a 2024 a kan umarnin da ya shigar da kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka take karewa.

Shin babu wata hanya mai rahusa da ta fi dacewa da ƙaramin ƙauye?

Akwai, kuma a nan ne aka fi samun sauyi a 'yan shekarun nan. An ƙera ƙananan turaku masu aiki da sola da batura zalla, gajeru, waɗanda ba sa buƙatar janareto ko motar dizal, ana iya kafa su cikin 'yan kwanaki, kuma suna ɗaukar ƙauye guda da kewayensa na 'yan kilomitoci. Kamfanin Huawei ya gwada samfurinsa mai suna RuralStar tare da MTN a Ghana a shekarar 2017, kamfanin Africa Mobile Networks kuma yana kafa irin waɗannan turaku da kuɗinsa a Najeriya da Kamaru da wasu ƙasashe, ya haɗa su da layin babban kamfani su raba abin da aka samu. Aibinsu shi ne ƙarancin ɗauka, domin ranar kasuwa ko ranar biki idan jama'a suka yi yawa kira yana cunkushewa, kuma kwanakin hazo ko hadari a jere suna gwada ƙarfin baturan.

Hanya ta biyu ita ce tarayya. Maimakon kamfanoni uku su kafa turaku uku a gari ɗaya su bar na gaba da shi fayau, sai su hau ƙarfe guda, ko kuma mai layin wani kamfani ya riƙa cin sabis ɗin wani a inda nasa bai kai ba. A 2025 MTN da Airtel sun sanar da yarjejeniyar yin tarayya a kayan aiki a Najeriya da Uganda, kuma a wannan shekarar aka amince wa masu layin 9mobile su riƙa hawa turakun MTN.

Tauraron ɗan Adam ba zai raba gardama ba?

Zai taimaka, musamman wajen haɗa ƙaramin ƙarfe da sauran duniya a inda fayiba ba za ta kai nan kusa ba. Starlink ya fara aiki a Najeriya a watan Janairu na 2023, a Nijar kuma a 2025. Sai dai farantinsa da kuɗinsa na wata sun fi ƙarfin magidancin ƙauye, kuma intanet yake bayarwa, wanda ƙaramar waya mai madannai ba ta da hanyar kama shi. Ya fi amfani ga asibiti ko makaranta, ko ga ɗan kasuwar da zai saya ya riƙa sayar wa maƙwabta da awa. Fasahar da tauraro yake magana da wayar hannu kai tsaye ta fara aiki a Amurka, amma da saƙon rubutu ta fara, kuma tana buƙatar waya ta zamani da sarari buɗaɗɗe.

Kai sabis cikin daji ba zai ƙara wa 'yan bindiga ƙarfi ba?

Wannan tambaya ce mai nauyi, kuma masu yinta ba su yi laifi ba, domin kowa ya san da waya ake cinikin kuɗin fansa kuma da ita masu kai rahoto suke tsegunta motsin jami'an tsaro. An kuma gwada rufewar. A watan Mayu na 2013, lokacin dokar ta-ɓaci, an katse layuka a Borno da Yobe da Adamawa, bayan 'yan Boko Haram da kansu sun ƙona turaku da dama a 2012. A farkon watan Satumba na 2021 an rufe sabis a duk jihar Zamfara bisa buƙatar gwamnatin jihar, daga baya aka ƙara da ƙananan hukumomi 13 a Katsina da 14 a Sakkwato da wasu sassan Kaduna.

Abin da ya biyo baya sananne ne ga duk wanda ya zauna a yankin. Masu POS sun rufe, mutane suka riƙa biyan kuɗin mota zuwa wata jiha domin kira ɗaya ko cirar kuɗi, ƙauyen da aka kai wa hari kuwa ya rasa hanyar neman ɗauki ko gargaɗin maƙwabtansa. An buɗe layukan bayan makonni da watanni, hare-haren kuma ba su ƙare ba. Ɗan bindiga yana da babur da kuɗi, yana iya zuwa inda sabis yake, kuma idan yana kusa da iyaka wayarsa tana iya kama layin Nijar. Mace mai naƙuda da tsakar dare ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Bayan haka layin da ke aiki yana barin sawu da jami'an tsaro za su iya bi, wanda shi ne hujjar da aka bayar lokacin da aka wajabta haɗa layi da lambar NIN daga watan Disamba na 2020.

Wane amfani na zahiri manomi da makiyayi za su samu?

Mafi bayyana shi ne sanin farashi kafin a ɗora kaya a mota. Wata masaniyar tattalin arziki, Jenny Aker, ta bi diddigin kasuwannin hatsi na Nijar a shekarun 2001 zuwa 2006, lokacin da sabis yake shiga garuruwa ɗaya bayan ɗaya, ta gano cewa bambancin farashi tsakanin kasuwanni ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari, kuma tasirin ya fi yawa a kasuwannin da suke nesa da juna. Dalilin a fili yake: falken da a da sai ya yi tafiyar yini kafin ya san kuɗin buhun gero, yanzu kira biyu ko uku sun ishe shi. Haka makiyayi yake tambayar inda ruwa da ciyawa suke da kuɗin sa a kasuwar Maigatari ko Potiskum kafin ya kora dabba.

Akwai kuma harkokin da aka riga aka ɗaure su da waya, ko mutum ya so ko ya ƙi. Tun a 2012 gwamnatin tarayya ta fara raba takin tallafi ta saƙon waya. A farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, ƙauyen da ba shi da sabis ya sha wahala ninki biyu, domin babu kuɗi a hannu kuma babu halin turawa, har manoma suka riƙa karyar da amfanin gona ga duk wanda ya zo da tsaba. A zaɓen wannan shekarar ma na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS tana buƙatar sabis kafin ta tura hoton sakamakon rumfa.

An kafa mana ƙarfe, amma mutane ƙalilan ne suke shiga intanet. Me ya sa?

Domin samun sabis daban, iya cin moriyarsa daban. Ƙungiyar kamfanonin waya ta duniya, GSMA, ta ƙiyasta cewa a Afirka kudu da Sahara kusan kashi 60 cikin ɗari na jama'a suna zaune a inda intanet na waya ya kai amma ba sa amfani da shi, adadin da ya ninka na waɗanda bai kai gare su ba sau da yawa. Babbar waya tana da tsada, cajinta ba ya kwana biyu kamar na ƙarama, kuma a garin da babu wuta kowane caji kuɗi ne a shagon mai janareto. Ga rashin karatun boko, ga ƙarancin abubuwan amfani da Hausa ko Fulatanci ko Barbarci, kodayake saƙon murya na WhatsApp ya rage wannan shinge ƙwarai. Mata su ne suka fi zama a baya, domin a gidaje da yawa waya ɗaya ce kuma tana aljihun maigida.

Saboda haka maganar 5G, wadda MTN da Mafab suka biya dala miliyan 273.6 kowannensu domin lasisinta a gwanjon watan Disamba na 2021, ba ita ce a gaban karkara ba tukuna. Abin da ƙauye yake buƙata shi ne 2G da ba ya ɗaukewa domin kira da tura kuɗi, tare da 4G a kan zango mai tafiya nesa.

Shin zama kusa da ƙarfen sabis yana da illa ga lafiya?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wata gamsasshiyar hujja ta kimiyya da ta nuna cewa abin da turakun suke watsawa yana cutar da mutanen da ke kewaye. Hasali ma wayar da take nesa da ƙarfe ita ce take ƙara ƙarfin abin da take fitarwa domin a ji ta, shi ya sa cajinta yake saurin ƙarewa a inda sabis yake rawa. Ƙorafin da yake da tushe shi ne ƙarar janareto da hayaƙinsa, da man da yake tsiyaya ya gurɓata rijiya, da ƙarfen da ba a kafa da kyau ba wanda guguwar farkon damina take iya kayarwa. Waɗannan suna ƙarƙashin ƙa'idojin NCC da hukumar kare muhalli ta NESREA, kuma jama'a suna da ikon kai ƙara a kansu.

Yaya lamarin yake a Nijar da garuruwan kan iyaka?

A can rezo ake ce wa sabis, hukumar da take kula da shi kuma ARCEP ce. Kamfanoni huɗu ne suke aiki, wato Airtel da Moov Africa da Niger Telecom na gwamnati da Zamani Telecom, wanda ya gaji Orange bayan an sayar da shi a 2019. Ƙasar ta fi Najeriya faɗi, kusan kashi biyu cikin uku nata hamada ne, ba ta da gaɓar teku, kuma wutar lantarki a karkararta ta fi ta Najeriya ƙaranci, don haka duk wahalhalun da aka ambata a sama sun fi tsanani a can. A 2020 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 100 domin shirin ƙauyuka na zamani, wanda kai rezo ga ƙauyukan da ba su da shi yake cikin manyan manufofinsa.

Iska ba ta san shingen kwastan ba, saboda haka a Illela da Birnin Ƙonni, ko Jibiya da Ɗan Isa, waya tana iya tsallakawa layin ɗaya ƙasar mai ita yana zaune a ƙofar gidansa, a caje shi kuɗin baƙo. Maganin shi ne a shiga saitin waya a zaɓi kamfani da hannu, ko a riƙe layi biyu kamar yadda fataken yankin suka daɗe suna yi.

Me jama'ar gari za su iya yi da kansu?

Abu na farko shi ne su taimaka wa mai lissafi da lissafinsa. Takardar da ta ce kawai muna roƙon a taimaka mana ba ta kai wadda ta faɗi yawan gidaje da ƙauyukan kewaye da rugage, da ranar da kasuwa take ci, da makarantu da asibitin da ke garin, da nisan ƙarfe mafi kusa, da yanayin hanya da damina ba. A sa hannun dagaci da hakimi da shugaban ƙaramar hukuma, a aika wa kamfanoni fiye da ɗaya da ofishin NCC na shiyya da asusun USPF, a kuma ba ɗan majalisar tarayya na yankin kwafi. Idan gari ya nuna fili a kan tudu wanda babu rigima a kansa, ya kuma yi alkawarin sa ido, ya rage wa kamfani biyu daga cikin manyan fargabansa. Mai filin ya tabbata an rubuta yarjejeniyar haya da shekarunta da kuɗinta, idan kuma gonar gado ce a sanar da dukkan magada tun farko, domin rigimar 'yan'uwa ta sha kulle ƙofar ƙarfe da kwaɗo. Matasan da suke tare ma'aikata suna neman a ba su na goro kafin a sauke kaya su ma a ja musu kunne.

A guji sayen na'urar ƙara ƙarfin sabis da ake sayarwa a kasuwa, domin NCC ta hana amfani da ita ba tare da izini ba, kuma marar inganci tana dagula sabis ɗin maƙwabta. Idan ƙarfe ya mutu ko sabis ya lalace, a fara kai ƙorafi ga kamfanin a karɓi lambar shaidar ƙorafin, idan ba a ga gyara ba sai a kira NCC a kan lamba 622, wadda kyauta ce. Ya fi kyau mutum ɗaya ya riƙe littafi yana rubuta ranar da sabis ya ɗauke da ranar da ya dawo, a haɗa da wannan bayani a cikin ƙorafin.